Darasi: Yadda Ake Zaunar da Yaro a Mota

Iyaye da yawa gani suke yi ba inda jariri ya fi samun tsaro kamar cinyar uwarsa. A cikin mota abin ya sha bamban. Karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga bene mai tsayin mita 10. Komai ƙarfin hannun uwa, yaron zai ƙwace ya bugi gilashi. In kuwa goye yake, nauyin uwar ne zai danne shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar yara ta musamman da ake ɗaurawa a mota tana rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin 100.

Yaron da bai kai shekara 12 ba, kujerar bayan mota ce wurinsa. Jakar iskar da ke kumburowa a gaban mota in an yi karo tana fashewa da ƙarfin da zai iya karya masa wuya.

Jariri kuma, kujerarsa baya za ta fuskanta, aƙalla har ya kai shekara 2. Kansa ya yi wa wuyansa nauyi, to in an yi karo, jikin kujerar ne zai tallafe kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Sabon haihuwa a kwantar da kujerarsa wajen digiri 45, don kada kai ya faɗo kan ƙirji ya toshe numfashi. Bayan ɗaurawa, kama kujerar ta inda bel ya ratsa ka jijjiga. In ta gusa fiye da santimita 2.5, sake ɗaurewa. Sannan in ka ɗaure yaron a ciki, ka mintsini igiyar kafaɗarsa. In ta tattaru a yatsunka, ta yi sako-sako. Rigar sanyi mai kauri lokacin hunturu ita ke yawan jawo haka. A cire ta, a lulluɓa bargo daga sama.

Yaro ya girma amma bai kai santimita 135 ba? A sa masa matashin ɗagawa, wato matashin da zai zauna a kai ya ƙara tsawo, bel ya bi kafaɗa da ƙugu, kada ya hau wuya ko ciki.

In haɗari ya faru a Najeriya, a kira jami'an kiyaye haɗura a 122. Kada a lanƙwasa wuyan yaro, kada a ba shi ruwa. Ko da ya tashi yana wasa, amai, yawan barci ko shatin bel a ciki sun isa a garzaya da shi asibiti, domin jini na iya zuba ta ciki ba a gani.

Tambaya: Me ya sa kujerar jariri take fuskantar baya?