Ban taɓa kunna sigari ba, ga ni ina jinyar sankarar huhu: yadda za ka kare kanka

Shekara goma sha bakwai na yi ina ɗinki a shago ɗaya da maigidana, Allah ya jiƙansa. Taga ɗaya gare mu, shi kuwa sigari ba ya barin bakinsa daga safe har magariba. Ni ko kara ɗaya ban taɓa kunnawa ba, amma kullum na koma gida sai mai ɗakina ta ce rigata na warin taba. Likita bai ce hayaƙin nan kaɗai ya jawo mini ciwo ba. Ya dai ce akwai sinadarai sama da 7,000 a hayaƙin taba, kusan 70 daga ciki na haddasa sankara, kuma mai zama da mashayi haɗarin sankarar huhunsa na ƙaruwa da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari.

Fara da hayaƙin, tunda shi ne a hannunka. Buɗe taga ko kunna fanka ba ya fitar da shi, juya shi kawai yake cikin ɗaki, ya lafe a labule da katifa. Abin da ke aiki shi ne mai sha ya fita waje, nesa da ƙofa. Wahalar tana wajen faɗa, domin yawanci mai shan babba ne, mu kuma an tashe mu da kunya. Kunyar nan ce ta rufe mini baki shekara da shekaru. In ba za ka iya fuskantarsa ba, nemi sa'ansa ko limamin unguwa ya yi masa magana a keɓe, ba a gaban yara ba. Ka ce, "Baba, ƙirjina ba ya jure hayaƙi, don Allah a taimaka mini." Mutum ya fi saurara in ka roƙe shi a kan lafiyarka da ka ɗora masa laifi. A motar haya, direba za ka yi wa magana, ba fasinja ba. Doka na bayanka: dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sha a motocin haya da asibitoci da gidajen abinci da ofisoshi. Shisha ma hayaƙi ce, ƙamshin tuffa bai wanke ta ba.

Sai asibiti. Tarin da ya wuce mako biyu, ko aka ga jini a kaki, ko rama ba dalili, kada ka tsaya kemis. Ni wata huɗu na ɓata ina shan maganin tarin fuka alhali gwajin kaki bai nuna ƙwayar cutar ba. Da na sani, da na tambaya tun wata na biyu me ya sa ba sauƙi. Ka nemi hoton ƙirji, in an ga inuwa ka nemi takardar tura ka asibitin koyarwa. Can za a yi hoton CT, wanda ke nuna cikin ƙirji dalla-dalla, a ciri ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Sai sakamakon naman nan ya fito ake sanin irin sankarar da maganin da ya dace, don haka kada ka gudu don an ce za a taɓa ka da allura.

Ka sayi jakar leda mai zif. Kati, rasit, hotuna, sakamako, duk a ciki, kowanne kuma ka ɗauke shi a waya. Fayil ɗina ya taɓa ɓacewa ranar ganin likita, hoton wayar ne ya cece ni. Ka zo bayan asuba da mai jinya guda wanda ya iya karatu, ɗayanku ya riƙe layin biyan kuɗi, ɗaya na likita. Kafin ka hau mota zuwa gashi, wato ƙona sankarar da hasken na'ura, buga waya ka ji ko na'urar na aiki. Na taɓa cin kuɗin mota a banza, na kwana a barandar asibiti.

Maganar kuɗi ita ce mai nauyi. Asibitin gwamnati ya fi na kuɗi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma na ga ma'aikatan jinya masu tsoron Allah, amma kemo, wato maganin sankara da ake sa wa ta ƙarin ruwa, ya ci keken ɗinkina biyu. Yi rajistar inshorar lafiya tun kana lafiya, dokar 2022 ma ta wajabta ta. Asusun tallafin masu sankara na gwamnatin tarayya ya fara ne da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, mu masu ta huhu ba mu ciki a lokacin. Duk da haka ka leƙa ofishin jin ƙai na asibitin, ka cika takarda, wani lokaci ana rage maka kuɗin gado ko na gwaji.

Ranar kemo ka ci abu mara maiƙo, ka riƙe ruwa da bargo. In zazzaɓi ya taso bayan ƙarin ruwan, kada ka jira gari ya waye, a kai ka sashen gaggawa a daren, ka gaya musu ranar da aka yi maka kemo na ƙarshe.