Ƙoton roba a Tiga da Challawa: inda masu fatsa ke kuskurewa

Duba takardar da aka manna ƙoton roba a kanta, galibi hoton bass za ka gani, wani kifin ruwan daɗi mai faɗin baki da ake kamawa a tafkunan Amurka. Domin shi aka ƙera yawancin kayan nan. Amma giwan ruwa da tsage namu su ma mafarauta ne, kuma halinsu da abu mai motsi a ruwa ya yi kama da nasa matuƙa. Shi ya sa wanda ya taso daga birnin Kano da asuba ya nufi madatsar Tiga ko Challawa zai iya dawowa da kifi, in ya san yadda ake sarrafa ƙoton.

Babban kuskure shi ne naɗe zare bai ɗaya, ba sauri ba tsaiko, tun daga jifa har ƙoton ya iso ƙafarka. Kifin farauta yana da wani layi a gefen jikinsa, daga bayan kunne zuwa wutsiya, da shi yake jin girgizar ruwa ko da bai ga komai ba. Abin da ke tunzura shi kai hari shi ne canjin motsi: ɗan kifin da ya yi gudu ya tsaya cak, ya karkace kamar mai ciwo. In ƙoton yana tafe ɗoɗar, sai ya biyo shi a baya, ya duba, ya juya abinsa. Gyaran: ka naɗa sau uku ko huɗu, ka tsaya daƙiƙa biyu, ka ɗan fizgi bakin sandar, sannan ka ci gaba. Yawancin cafka a lokacin tsayawar nan take zuwa ko da zarar an sake motsawa, don haka kada zaren ya yi sako-sako sa'ilin.

Sai jifa tsakiyar ruwa fili don tsoron ƙugiya ta maƙale. Bass da giwan ruwa 'yan kwanton ɓauna ne, suna laɓewa gindin dutse, ko kututturen da ruwa ya shanye, ko bakin ciyawa. Ƙoton da ya bugi dutse ya yi tsalle gefe ya fi wanda bai taɓa komai ba jan hankali. Za ka yi asarar ɗaya ko biyu, wannan dole ne.

Zurfi ma ana sakaci da shi. Ƙoto mai nutsewa yana sauka kusan santimita 30 a daƙiƙa, to ka ƙirga bayan ya faɗa ruwa: biyar a jifar farko, goma a ta biyu, har ka gano inda kifin yake. Da sanyin safiya da kusan magariba yana tasowa sama da gaɓa. Rana ta take, sai ya koma ƙasa. A hunturu, Disamba da Janairu, ruwa ya yi sanyi jikin kifi ya mutu, ba zai kori abu mai gudu ba, sai ka rage sauri ka tsawaita tsayawa. Da damina kuwa ruwan ya gurɓace ya yi ja, ido ba ya aiki sosai, a nan cokali, wato ƙoton ƙarfe mai siffar cokali da ke kaɗawa, ko ƙoto mai 'yan ƙwayoyi masu ƙara a ciki ya fi amfani.

Giwan ruwa, kamar bass, ba cizo yake ba, zuƙa yake. Yakan wangame baki ruwa ya ja ƙoton ciki. Wanda ya ga ruwa ya fashe ya fizge nan take, daga baki yake zare masa. Jira sai ka ji nauyi a hannunka, sannan ka ɗaga sandar da ƙarfi sau ɗaya. In ya yi tsalle yana girgiza kai, sauke bakin sandar ƙasa, zaren na nan a miƙe.

Murfin kunnen giwan ruwa yana da kaifi, yana yanke siririn zare, saboda haka a ɗaura zare mai kauri kamar mita 1 a gaba. Tsage kuwa haƙora gare shi, sai waya ta santimita 20 zuwa 30. Birkin injin naɗe zare a saita shi ya saki a wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Wanda aka ɗaure tamau shi ke tsinkewa a gudun farko. Cokali ba tare da ɗan ƙarfen nan mai juyawa da ake sawa tsakanin zare da ƙoto ba zai murɗe zare ya cukuikuye.

Kafin jifa, ja ƙoton a gefen ƙafarka ka ga tafiyarsa. In yana karkata hagu, kama zoben da ke hancinsa da filaya ka ɗan lanƙwasa shi dama, kaɗan kawai. Ka kuma goga bakin ƙugiyar a farcen babban yatsanka: in ta zame ba ta kama ba, ta dakushe, a wasa ta ko a canza.