Yadda za a sa intanet kyauta a laburare ba tare da an mai da littafi maraya ba

Laburaren da ya kunna Wi-Fi kyauta ba ya jimawa zai cika da matasa, amma rajistar aron littafi tana nan inda take. Kujerar da aka tanada wa mai karatu ita mai kallon bidiyo ke mamayewa, kuma ba ya tashi sai an zo rufe ƙofa. Kashe intanet ɗin zalunci ne ga mai cike fom ɗin neman aiki ko duba sakamakon JAMB, don haka tsarin za a gyara.

A fara da wuri. A kafa rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, a ɗaki guda ko baranda, nesa da zauren karatu, a rage ƙarfinta yadda sigina ba za ta ratsa bango biyu ba. Soket ɗin caji duka a mai da su can. Wannan ya fi komai tasiri, domin a garin da ake yawan ɗauke wuta, inda caji yake nan jama'a ke taruwa, ko da tsakiyar kantocin littattafai ne. Hanyar shiga ɗakin kuma ta bi ta gaban tebur mai littattafai kamar 20, an kwantar da su bango sama, ana sauya su duk mako: ƙagaggun labaran Hausa, tambayoyin WAEC da NECO na shekarun baya, littattafan koyon sana'a.

Sai maganar lokaci da gudu. Ƙaramar MiFi ta gida yawanci ba ta ɗaukar fiye da waya 10. A nemi rauta mai fitar da tikiti, wato lambar shiga intanet, irin ta kamfanin MikroTik, kowane tikiti awa 1, gudunsa bai wuce megabit 1 a daƙiƙa ba. Da haka layin megabit 20 zai ishi mutum 20. Wannan gudun ya wadaci buɗe shafi da sauke takarda, amma bidiyo mai kaifin hoto zai riƙa tsayawa. Awa guda ta kallo a wannan gudun tana cin megabait 450, alhali littafin rubutu zalla sau da yawa bai kai megabait 2 ba. Kada a ƙayyade lokaci da lambar shaidar da waya ke nuna wa rauta (MAC): tun daga Android 10 da iOS 14 waya tana iya shiga da lambar wucin gadi, sai yaro ya sauya ta ya dawo a matsayin baƙo.

Sharaɗin samun tikiti ya zama katin laburare kawai. Idan aka ce dole sai an ari littafi, rajista za ta cika, littattafan kuma su kwana cikin jaka ba a buɗe su ba.

Zauren karatu shi ma a ba shi nasa, amma ba intanet ba. Ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi da manhajar Kiwix za su raba wa wayoyi Wikipedia ta Hausa da ta Turanci ba tare da cin data ba, kuma babu iyakar lokaci. Labaran yara na Hausa da ke shafin African Storybook kyauta ne; a buga su a takarda a ɗinke, yara sun fi riƙe abin da hannunsu ya taɓa.

Rauta da wannan kwamfutar tare ba su cika wuce wat 30 ba. Batir mai bolt 12, amfiya-awa 100, idan rabinsa kawai ake sha don ya yi ƙarko, zai riƙe su kusan awa 20. Abin da ke kashe shi da wuri shi ne a jona masa cajin wayoyi, sai ƙurar hunturu da ke rufe farantin solar da ke cajin batirin. A riƙa goge farantin akai-akai.

Kafin a kunna komai, a ƙirga aron wata 3 da adadin masu zama a zaure ƙarfe 11 na safe da 3 na rana. Bayan wata 3 a sake ƙirgawa. In aro ya ragu, a fara duba inda aka bar soket.