In kwamfutar ofis ta ƙi buɗe NAS

Jama'a, in kwamfutar da aka ba ku a wurin aiki ta ƙi buɗe NAS, wato akwatin ajiye fayiloli da ke haɗe da netwok ɗin ofis, ku daina sa mata PIN ɗinku na shiga Windows. Ba zai shiga ba.

Ku buɗe asusu a cikin NAS ɗin kansa. Sai ku rubuta adireshinsa a File Explorer, misali \\192.168.1.20. In ya nemi suna, ku sa sunan NAS ɗin, sai alamar \, sai sunan asusun. Ku adana a Credential Manager, wurin da Windows ke ajiye sunan asusu da kalmar sirri, don kada ya riƙa tambaya kullum.

Dalili kuwa, asusun aikinku yana can a Microsoft Entra ID, wato tsarin Microsoft na intanet mai kula da asusun ma'aikata. NAS ɗin da ke kan teburi bai san shi ba, asusun da aka buɗe a cikinsa kawai ya sani. Ni wuni guda na yi a ofishinmu na Sabon Gari ina ta canza wayar netwok, ashe waya ba ta da laifi.

Amma fa tsohon NAS mai SMB1 kaɗai, wato tsohuwar hanyar raba fayiloli, sai an sabunta manhajarsa, sabon Windows 11 ba ya zuwa da SMB1 a kunne. In kuma masu kula da kwamfutocin ofis ne suka toshe, ku same su.

Sannan in an ɗauke wuta rauta, wato na'urar da ke raba netwok, ta sake tashi, adireshin NAS ɗin kan canza. Ku kafa masa na dindindin.