Yadda za ka gane wanne ya fi sauƙin kuɗi: sanyin gayya ko kowa da AC ɗinsa

A Dubai akwai kamfanin Empower, wuri ɗaya yake sanyaya ruwa ya tura ta bututun ƙarƙashin ƙasa zuwa gine-gine, a ɗaki fanka ce kawai ke hura sanyin, ba kwamfiresa a bango, shi ne sanyin gayya. A Kofanhegan ta Denmak kuma ruwan zafi ake turawa, kusan duk garin da shi ake jin ɗumi. To in masu gina estet a nan Kaduna suka zo maka da irin wannan, ga lissafin da za ka yi kafin ka sa hannu.

Fara da naka na gida. AC mai doki ɗaya da rabi yana shan wajen yunit 1.1 a awa, in ka bar shi awa 8 kullum lokacin zafin Maris da Afrilu yunit 264 kenan a wata. A watan Afrilun 2024 an kai kuɗin wutar Band A, wato rukunin masu samun wuta aƙalla awa 20 a rana, naira 225 kan yunit, ka ga kusan dubu 60 ɗaki ɗaya! Duba mitarka dai ka sa farashin yanzu.

Sai ka ɗora abin da mutane ke mantawa, kuma wallahi nan kuɗin yake tafiya, man janareta in an ɗauke wuta, sitabilaiza, mai gyara ya zo wanki ya ce gas ya zube, ga kuɗin AC ɗin kansa ka raba shi shekara 10. Na hunturu ba yawa, hitar ruwan wanka ce da gawayin kasko a Disamba da Janairu, amma sa shi.

Yanzu na gayya. Tambayi kuɗin jona gidanka, kuɗin abin da ka sha a mita, da kuɗin dole wanda ake biya ko ba ka kunna ba. Wannan na ƙarshen ka natsu a kansa, don a Dubai haka ake caji, mu kuwa a Agusta da hunturu wa ke neman sanyi? Sa su rubuta maka yaushe suke ƙara farashi, da wa zai biya in inji ya tsaya.

Haɗa kowanne na shekara 10, kar ka tsaya kan bil ɗin wata ɗaya. Sannan ka dubi unguwar, bututu da haƙa ke cinye jarin, don haka a wurin benaye a cunkushe ko asibiti ko otal, na gayya ke ci. Gidaje warwatse kowa da filinsa irin na Unguwar Rimi, ni dai ina ganin AC mai inbata da sola zai fi maka.