Darasi na 6: Gina bango da gorunan roba

Gorar ruwan da ke toshe mana kwalbati tana iya zama tubali. A shekarar 2011, wata ƙungiya mai zaman kanta mai suna DARE ta gina gida da irin waɗannan goruna a Sabon Yelwa, jihar Kaduna. Amma aikin yana da ƙa'ida, kuma ƙarfin bangon yana ga yadda aka cika gorar.

A tara goruna masu girma ɗaya, kowace da murfinta. A samo busasshen yashi a tankaɗe, a cire tsakuwa. Ana zubawa da mazurari kaɗan-kaɗan, ana buga gindin gorar a ƙasa, ana dannawa da sanda har ya kai wuya, sannan a ɗaure murfi tamau. Gorar lita ɗaya da rabi idan ta cika sosai takan wuce kilo 2. Gwajin mai sauƙi ne: a taka ta. In ta lotsa, a buɗe a ƙara yashi. Kada a yi ganda a nan, domin gora ɗaya mai rami a ciki za ta lotse ƙarƙashin nauyi, bangon ya tsage daga wurin. Jiƙaƙƙen yashi ba ya dannuwa da kyau, shi ya sa ake shanya shi tukuna.

Harsashi dai na dutse ne ko kankare, ya ɗaga sama da inda ruwan sama ke kwanciya.

A shimfiɗa kwaɓaɓɓiyar jar ƙasa, kaurin yatsu biyu, a kwantar da gorunan a kai, murafu na fuskantar gefe guda. Sahu na biyu ya hau tsakanin gorunan sahun farko. Laka ba ta kama roba saboda santsi, don haka a zagaya wuyan kowace gora da igiyar nailan, a haɗa ta da na kusa da ita, sama da gefe, kamar raga. Ɗaki mai da'ira, irin na bukkar gargajiya ko rumbu, ya fi jure wannan gini. Kada a ɗora sahu da yawa a rana ɗaya. Ɗanyar laka takan zame.

Ƙofa da taga suna bukatar linta. Daga ƙarshe a yi yaɓe ciki da waje, domin rana tana cin roba har ta riƙa karyewa. Rufi ya zarce bango don kare shi daga feshin ruwa, murhu kuma a nisanta shi.