Babi na 4: Yadda ake haƙa rabin wata a kan fako

Darasi na 1

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Mai'adua ya ga fako, ƙasa ta yi tauri kamar an zuba siminti, ruwa ya sauka ya wuce bai shiga ba, sai tumfafiya nan da can. Da makiyaya ce. Aikinmu mu tare ruwan nan ya zauna, kamar yadda maƙwabtanmu na Maraɗi da Tawa suka daɗe suna yi da rabin wata, wato rami mai siffar rabin da'ira, da tassa, wato ƙananan ramukan shuka.

A zo da diga, shebur, turke biyu da igiya mai kamu huɗu, wato kamar mita 2. Aikin rani ne, Maris zuwa Mayu, kafin ruwan farko.

Darasi na 2: Ina bakin zai kalla?

Toh nan ne ake faɗuwa, don haka mu bi a hankali. Kafin ka taɓa diga, ɗebo ruwa bokiti guda ka zuba a ƙasa ka tsaya ka duba. Inda ruwan ya nufa nan ne gangare. Inda ya baro nan ne tudu. Bakin rabin wata tudu yake kallo, don ta can ruwa zai zo.

Kafa turke, ɗaura igiyar, ɗaura ɗayan turken a ƙarshenta ka ja zane rabin da'ira ta ɓangaren gangare, kamar ka raba faifai biyu ka ɗauki ɗaya. Haƙa cikin, zurfin santimita 20 zuwa 30, taƙi ɗaya da ɗan ƙari kenan. Ƙasar da ka kwaso a bayan zanen za ka jera ta, ta gangare, ka tattake ta yi kunya mai ƙarfi. Bakin a bar shi buɗe. Baki tudu, kunya gangare. Maimaita a fili, ba abin kunya ba ne, ni ma na farko da na yi a juye na yi shi.

Amma haba jama'a! Bara sau uku na faɗi wannan, wani dattijo, Allah ya ƙara masa lafiya, ya haƙa guda ashirin ras a cikin zafin Afrilu, duk sun ba ruwa baya, ruwa ya zo ya daki kunyar ya kewaye ya yi tafiyarsa, rami ashirin ba wanda ya jiƙa kirki. Ya ce wai ido ya nuna masa. Baba ido yana ƙarya a fako, bokiti ba ya yi. Wallahi in na zo duba aiki ban ga jiƙar bokiti ba sai an sake. Baki tudu, kunya gangare.

Layi na biyu kar ya zauna daidai bayan na farko, a sa shi a tsakani ya kama ruwan da ya kuɓuce. Shi ma bakinsa tudu.

Darasi na 3

A zuba taki kaɗan a ramin. Ruwa ya sauka a watsa irin kyasuwa da gamba a kan kunya. Dashe sai damina ta zauna, wajen Yuli: bagaruwa, dakwara, aduwa ko magarya, ɗaya a kowane rami. A yage ledar da aka reni dashen a ciki tukun.

Darasi na 4

Dabbobi kar su shiga, shekara biyu aƙalla. A zauna da mai unguwa da arɗo a tsayar da magana, a yanki ciyawa a kai musu waje. Kunyar da ta karye a gyara.